Hannun Rigar Baffa

Ranar Talata ce cikin ranin 1955, sanyi ya riga ya janye, zafi ya fara kankama. Tun da hantsi rana ta tsaya a kan fadamar Badafi, babu iskar da za ta kaɗa ko ganyen rake, hayaƙin murhunmu ma miƙewa yake yi sama sak. A ranar ne injin rake ya cinye hannun rigar Baffa, saura ƙiris ya haɗa da hannun da ke ciki.

Baffa mahaifina ne, ni ne ɗansa na fari. Injin kuwa yana hannun kakata, Iya Tasalla, wadda ta haifi Baffa. Marigayi kakana ne ya sayo shi ta hannun malamin gona na hukumar En'e, da ya rasu ita ta ci gaba da riƙewa, ba kuwa wanda ya ga fuskar tambayar dalili.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, wasu mulmulallun ƙarafa ne guda uku a tsaye, manne da juna. An gitta musu dogon gungume a ka, aka ɗaura doki a ƙarshen gungumen. Doki na zagayawa, ƙarafan na juyawa, mutum ɗaya na zaune a ƙasa yana tura musu rake a baki. Ruwan ya zubo cikin garwa, tuƙa ta fita ta baya. Daga nan sai a kai ruwan babban kasko a yi ta dafawa har ya yi kauri, a zuba a 'yan tasoshi ya daskare. Mazarƙwaila ke nan, wadda Iya ke aikawa Kwanar Dangora a kan jakuna.

Baffa ne mai tura rake. Ni ne mai doki, wani tsohon baƙin doki da muke kira Akawal. Mai wuta kuwa Shitu ne, dattijo mai jajayen idanu saboda hayaƙi, murhunsa na can gefe bayan tarin tuƙa.

Da safen nan Baffa ya je suna a unguwar gabas, ya dawo a makare, rake a jibge yana jira. Kullum da 'yar shara yake aiki, amma ran nan bai koma gida ya sauya ba. Ya naɗe hannuwan babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa, ya yi bisimilla ya zauna. Na kora Akawal, inji ya fara kukansa.

Mun ɗan jima muna zagaye sai na ji muryar Baffa ta keto kukan injin: "Shitu! Shitu!" Na ce a raina kasko ne zai zuba. Na ga wuyan Akawal ya yi tsauri kamar an ƙara masa kaya, shi kuwa in ya ji nauyi ƙara ja yake yi, haka aka koya masa. Sai na ji ƙarar yagewar ƙyalle. Na waiga. Ga Baffa can kwance rigingine cikin ɓawon rake, kafaɗa ɗaya a waje, hularsa ta yi nata wuri, ƙarafan inji kuma suna haɗiye sauran shuɗin ƙyalle a hankali kamar akuya ta sami shanya.

Na riƙe Akawal ya tsaya. Shitu ya sheƙo da ludayi a hannu yana salati. Da aka duba, farcen babban yatsa ne ya fita, sai ɗan ƙujewa a bayan hannu. Rigar ce ta cece shi: ta sha wanki har ta gaji, ɗinkin kafaɗa ya saki kafin inji ya kai ga tsintsiyar hannu. Muna cikin ɗaure yatsan muka ji ƙauri. Kaskon da Shitu ya bari ya ƙone ƙurmus.

Baffa ya miƙe, ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya ce wa Shitu, "A kwance doki, a ba shi ruwa." Ya ja ragowar rigar ya rufe kafaɗa ya nufi gari, yana amsa gaisuwar mutane a hanya kamar haka tela ya ɗinka ta.

Masu aiki a gonakin kusa suka taru. Ba wanda ya ga yadda aka yi, amma kowa ya san mai laifi. Ni kam ban ga laifinsu ba. Na bar elementare ta Bebeji ban gama ba, na yi karen mota a Kwanar Dangora na bari, na yi leburancin hanya wajen Tudun Wada na bari. Mai irin wannan tarihi, in aka ce doki bai tsaya ba, ba a zuwa nesa neman dalili. Kafin la'asar an ce waƙa nake yi. Kafin magariba an ce hanya nake kallo ina kewar motocin gyaɗa, alhali daga fadamar ko rufin mota ba a hangowa. Washegari a bakin masallaci na ji Labaran, mai gonar da ke maƙwabtaka da mu, yana rantsuwa a kan dokin nake, ina gyangyaɗi.

Abin da ba su sani ba, aikin nan shi kaɗai ne na taɓa tashi da asuba ina marmarinsa. Akawal ya san takuna, ni ma na san nasa. In aka raba mu a kan wannan magana, ba aikin kawai zan rasa ba. Ba zan iya zama a Badafi ana nuna ni ana cewa ga wanda ya kusa niƙe ubansa ba.

Ran Laraba da hantsi Iya ta iso a kan jakinta, ƙafafu a gefe ɗaya, goro a kumatu. Tun daga nesa ta ɗaga sanda.

"Kada wanda ya taɓa min inji! Ba zai sake juyawa ba sai na san yadda aka yi."

Ta sauka, ta zagaya injin tana dogara sanda. Ta leƙa bakin ƙarafan, ta zaro wani zaren shuɗi ta duba, ta taka tun daga mazaunin Baffa har murhun Shitu ta dawo. Sannan aka shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Angona, an ce jiya ka so ka yi mana mazarƙwaila da mutum."

"Sharri ne, Iya. Kishin aurenmu ake yi."

"Rufe min baki, miji ba cefane." Ta tofar da goro, fuskarta ta canja. "Saurara, Lurwanu. Wasa daban, inji daban. In na tarar sakacinka ne, ragamar Akawal ta bar hannunka yau, fadamar nan ma ka bar ta. Na gaya maka a gaban mutane don kada a ce na rufa wa mijina asiri."

Mutane kuwa akwai su, don duk mai gona a kusa ya sami dalilin ratsowa ta wajenmu da fartanya a kafaɗa.

Ta tambaye ni, na faɗi abin da na ji da abin da na gani, ta ce in koma gefe. Da aka zo kan Baffa sai aikin ya ɗan yi wuya. Baffa shi ne ɗan farin Iya, a wajenmu kuwa iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa magana kai tsaye, ba sa yabonsa, ba sa shigar masa faɗa. Kunya ce. Ni ma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baffa ba. A ɗakin Iya na tashi, ita ce mai kira, ita ce mai zagi. Saboda haka Baffa ya durƙusa nesa kaɗan ya juya gefe, Iya ta juya ɗaya gefen, Shitu ya tsuguna a tsakiya.

"Shitu, tambayi mai yatsan nan yadda aka yi."

Shitu ya juya. "Malam Ahmadu, Iya ta ce yaya aka yi?"

"Na ji ta," in ji Baffa, yana kallon ƙasa. "Ka ce mata ƙaddara ce."

"Iya, ya ce..."

"Ni ma na ji shi. Ka ce masa tun ba a haife shi ba na san ƙaddara. Ƙofar da ta shigo nake nema."

"Ka ce mata hannun riga ne ya zamo daga kafaɗa."

"Wa ya aike shi aiki da rigar suna? Ko injin ne aka raɗa wa sunan?" Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa. "Allah Ya taimake shi da rowa. Shekara nawa ina aika masa ya ɗinka sabuwa? Da ya ji maganata da yanzu hannu ɗaya gare shi. To, riga ta shiga. Sai ya yi me?"

"Ka ce mata na yi kira."

"Ya kira wa?"

Shitu ya sosa ƙeya.

"Ni ya kira, Iya."

"Kai ne ke riƙe da doki?"

"A'a, ina kan wuta. Na ji 'Shitu, Shitu', na ce na'am ina zuwa. Kasko na tafasa, kin san ba a barinsa a irin wannan lokaci."

"Amma ka bar shi daga baya, tun daga gida na jiyo ƙaurin. Bayan sunanka me ya ce?"

"Wallahi wuta na ruri, ban ji ba."

Iya ta sa aka tambayi Baffa, ya ce ya manta. Ana cikin haka Asibi ta iso da ƙwarya a ka. Bafillatana ce daga rugar da ke bayan fadama, kullum da hantsi take kawo mana fura da nono, ran Talatar ma tana gindin mangwaron abin ya faru. Da ta ji abin da ake nema ta sauke ƙwarya, ta kama baki.

"Ni kam na ji, Iya. Amma Malam na nan, ina jin nauyi."

"Faɗi, 'yar nan, ni na sa ki."

Asibi ta gyara murya, ta kwaikwayi Baffa har da ɗaga haɓa: "'Shitu! Shitu! Don Allah ka ce wa wancan ya tsai da doki!'"

Wani daga cikin masu fartanya ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya mai da ita tari.

"Wancan wa?" in ji Iya.

Asibi ta nuna ni da leɓe.

"Yana ina a lokacin?"

"Yana gabansa, Iya. Da ya jefa ɓawon rake ma da ya same shi."

Iya ta daɗe tana tauna goro. Can ta ce ita ba ta yanke hukunci da ji, sai ta gani da idonta. Ta sa aka kawo wani tsohon buhu, aka ɗaura shi a jikin karan rake, aka cusa cikin damin da Baffa zai tura. Ta ce kowa ya koma wurinsa ya yi yadda ya saba, in buhu ya shiga a tsai da doki. Shitu kaɗai ta riƙe kusa da ita, tun da ba a hura wuta ba. Ta jawo tabarmarta gaba.

Baffa ya zauna, yau da 'yar shara, yatsa a naɗe. Na kora Akawal. Mun yi 'yan zagaye sai Iya ta nuna ni da sanda.

"Kai, angon banza, me ka yar a ƙasa?"

"Ba komai, Iya."

"To me ya sa duk ka zagayo ta gabansa sai ka sunkuyar da kai? Ta baya kana kallon sama kamar zakara, ta gaba kana neman allura."

"Iya, in tsura wa Baffa ido?"

"Ci gaba," ta ce. "Na gani."

Gaskiyarta, ni ban taɓa lura ba. In na zo ta inda zan fuskanci Baffa kaina da kansa yake sauka, sai na wuce ya ɗago, lokacin kuwa na riga na ba shi baya.

Buhu ya kai bakin inji. Kowa na kallo, ni ma na saci kallo ta gefen ido. Baffa ya san abin da ake jira. Ya buɗe baki, ya dube ni, ya kau da kai. Leɓɓansa suka motsa ba sauti, buhu na ta shiga. Can ya ɗaga murya.

"Shitu!"

Shitu, da ke tsugune a gefen Iya, ya zabura. "Na'am! Lurwanu, tsaya!"

Na tsai da doki. Buhu kuwa sai ɗan baki ya rage.

Wannan karon ba wanda ya iya mai da dariyarsa tari, Asibi har da riƙe ciki. Iya ba ta yi ba. Ta tashi ta zagaya bayan inji, ta jawo matsattsen buhun, ta ɗora shi a hannunta tun daga yatsu. Ya wuce gwiwar hannu, ya wuce kafaɗa, ya kwanta mata a wuya. Ta tsaya a haka har kowa ya gani. Dariya ta ɗauke.

Ta koma ta zauna. "Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Tun kaka kuke wannan aiki, uba na turawa, ɗa na kora. Wannan ba ya kira, wancan ba ya kallo. Da me kuke tsai da doki duk watannin nan?"

Shitu ya dubi Baffa, Baffa ya dubi ƙasa.

"Ai da akwai Ɗanasabe," in ji Shitu a hankali.

Ɗanasabe wani mutum ne mai jiki, mai son zama, da ke gefen Baffa yana sare kan rake yana miƙa masa. Makon da ya wuce Iya ta sallame shi, ta ce ba ta ga aikin da yake yi ba ban da shanye mata rake. Ya ɗaure kayansa ya bi masu tafiya haƙar kuza Riruwai, can wajen Doguwa.

"Me ya haɗa Ɗanasabe da doki?"

"In Malam na son a tsaya sai ya ce ƙasa-ƙasa, 'A dakata,' kamar da raken yake. Shi kuwa Ɗanasabe, kin san muryarsa, sai ya ƙwala, 'Lurwanu, tsaya!' In za a tashi ma haka."

Ni ma sai a lokacin na tuna. Tun da na kama ragama, duk tsayawar da na yi da muryar Ɗanasabe na yi ta, ban taɓa tambayar inda yake samo umarnin ba.

"To tun da ya tafi fa?" in ji Iya.

"Ba abin da ya faru, Iya, sai jiya."

"Wanda bai faru ba ɗin shi nake son ji."

Sai aka fara zazzagowa. Ran Alhamis garwa ta cika, ruwan rake ya yi ta malala a ƙasa, Baffa na zaune yana kallo har Shitu ya zo ɗauka. Ran Asabar adda ta biyo cikin dami, Baffa ya fizge ta bakinta na taɓa ƙarfe, shi da Shitu suka yi hamdala suka ci gaba. Asibi ta ƙara da nata: ran Litinin wani ɗan akuya ya cusa kai yana lasar ƙarafan, Malam ya yi ta jifansa da ɓawo har ya gudu, doki kuwa na ta tafiya.

"Duk wannan ba wanda ya zo ya gaya min?"

"Ai ba a yi ɓarna ba," in ji Shitu.

"Sai an kawo min hannu a ƙwarya sannan an yi ɓarna?" Ta juyo wajena. "Kai fa?"

"Ni ban san an yi ba, Iya. Ƙasa nake kallo." Na ga dama ta samu, na ƙara, "Ashe dai wanda ya kori Ɗanasabe shi ne ya..."

"Ƙarasa, in ƙarasa ka da sandar nan." Amma sai ta hau juya goron da ke hannunta. "Na ga ƙato a zaune, ban tambayi abin da ya zaunar da shi ba. Wannan kam nawa ne."

Na zaci magana ta ƙare ke nan. Sai Labaran ya matso, shi da ya yi rantsuwar gyangyaɗi, ya ce, "Duk da haka dai, Iya, yaro mai hankali in ya ji ubansa na ihu ai ya waiga." Wasu suka gyaɗa kai. Na san in aka tashi a haka, gobe labarin gyangyaɗin ne zai koma kasuwa, da ƙarin cewa kaka ta wanke jikanta.

Iya ma ta sani. Ta ce, "Labaran ya yi magana. In ni na wanke shi za a ce mijina ne. Mutum ɗaya ne bakinsa zai kashe zancen nan, shi ne mai yatsa. Shitu, ka ce masa ya faɗa a gaban jama'a: mai doki na da laifi ko ba shi da shi? In ya yi shiru na san akwai, yaro ya ajiye ragama."

Shitu bai ma maimaita ba. Ni kuwa na san Baffa. Ko ranar da aka kawo ƙarata kan barin makaranta bai ce uffan ba. A ce ya tsaya a bainar jama'a ya wanke ɗan farinsa, wannan a wajensa ya fi cire riga a tsakiyar kasuwa wuya. Na dubi Akawal, yana kaɗa jela yana korar ƙuda, bai san ana shirin raba mu ba.

Baffa ya daɗe yana warware tsumman yatsansa yana sake naɗewa. Ya yi gyaran murya.

"Shitu."

"Na'am, Malam."

"Ka ce mata dokin ba shi da laifi."

"Ba doki na tambaya ba," in ji Iya.

Gumi na bin wuyan Baffa.

"Ka ce mata... dokin nan, kafin bana, cizo yake yi, yana turjewa, sai an doke shi. Tun da aka sauya masa hannu ban ga ya yi kuskure ba. Ba a kira shi ba ne. Da an kira shi, da ya tsaya."

"Dokin ko mai dokin?" Labaran ya tambaya.

Baffa ya ɗago ya yi masa wani kallo da ya sa ya gyara fartanya a kafaɗa.

"Kai ma ka san doki ba ya jin Hausa, Labaran."

Aka kwashe da dariya, har shi Labaran ɗin. Ni ban yi ba. Na je na hau gyara wa Akawal ragamar da ba abin da ya same ta.

"To, an ji," in ji Iya. "Mai doki na nan a kan aikinsa. Saura gyara. Rigar suna ba ta ƙara zuwa bakin inji. Duk abin da ya kusa faruwa, ko na akuya ne, a zo a gaya min da yamma. Kai kuma, angona, ido a kan inji. In fuska kake jin kunya, kalli hannu. Sai babbar doka: mai tura rake dole ya iya kiran mai doki da bakinsa. Shitu, ka ce masa ya gwada mu ji. Suna ne kawai, ba dutse aka ce ya ɗaga ba."

"Iya," na ce, "ke ki fara mana. Ga naki nan a durƙushe, kira shi mu ga yadda ake yi."

Ta wawuri sanda, na kauce bayan doki.

"Ni rigata ba ta shiga inji ba, ja'iri."

Aka zuba wa Baffa ido. Ya dubi gurbin da yake zama, inda ƙasa ta lotsa daidai jikinsa. Tun ranar da kakana ya kafa injin nan shi ke zaune a wurin, ba wanda ya san yawan raken da ƙarafan ke iya ɗauka kamarsa. Ya buɗe baki, har na ga harshensa ya ɗaga. Sai ya rufe. Ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya taka ya wuce ta bayan tarin tuƙa. Jim kaɗan muka jiyo shi yana kankare ƙonannen kasko.

Shitu ya dubi Iya. "Iya, murhuna..."

"Ya zama nasa. Je ka zauna can. Kai ai bakinka ba ya jin nauyin kowa."

Bayan azahar inji ya tashi. Shitu bai saba ba, yana tura rake ɗaya-ɗaya kamar mai ba jariri abinci, ga shi da tsoro. Ko ƙuda ya gifta sai ka ji, "Lurwanu, tsaya!" Kafin la'asar Akawal ya fara tsayawa da kansa in ya ji Shitu ya ja numfashi. Iya ta aika Riruwai a ce wa Ɗanasabe ya dawo, ya aiko cewa kuza ta karɓe shi. Baffa kuwa cikin 'yan kwanaki hayaƙi ya rina masa idanu, mazarƙwailarsa ta farko ta fito da ɗan ɗaci, har masu saye a Kwanar Dangora suka tambaya ko an sauya fadama. Bai koma bakin inji ba har aka gama raken shekarar, ni kuma ban bar doki ba.

Abin da aka rasa: hannun riga ɗaya, farce ɗaya, buhu ɗaya, kasko guda na ruwan rake, aikin yini ɗaya, Ɗanasabe, da mazaunin Baffa a bakin inji.